Yatsun Kulu

Dukanku kun tashi kuna jin sunan Kulu a bakina, musamman ke Rabi da kika gaji shagon. Duk sa'ad da aka kawo sabuwar ma'aikaciya, da ita nake yin misali. Nakan ce akwai wadda ta taɓa karya dokar farce, a ranar na sallame ta, ko da yake ta fi kowa iya aiki. Kun ji, kun maimaita, har ya zama labarin da ake yabona da shi. Abin da na faɗa ya faru, amma ba shi ke nan ba. Sauran za ni rubuta muku a nan tun hannuna yana iya riƙe alƙalami.

A Maraɗi na koyi gyaran jiki, a shekarun da babanku yake kai wake da albasa can ya dawo da atamfa. Kafin nan lalle kawai nake yi wa amare a tsakar gida. Shi ya haɗa ni da wata mata, Madam Zainabu, na yi wata huɗu a wurinta ina koyon dilka da halawa da tausa da turaren jiki. A bangon shagonta akwai rubutu da Faransanci, ta fassara mini tun ranar farko: mai taɓa jikin mutane ba ta tara farce, ba ta sa zobe, ba ta shafa jan farce, kuma ko kusa ba ta manna farcen roba. Na tambaye ta dalili, domin a lokacin farcen roban nan ya fara shigowa, 'yan mata suna mutuwar sonsa. Ta ce in aka yi wa mace halawa aka cire gashi, fatarta takan koma kamar ta jariri, ɗan yagi kaɗan ya isa ya zama gyambo. Ta ce ƙarƙashin farcen roba ruwa yana kwana, dilkar wannan ta maƙale a kai wa waccan, ba sabulun da yake shiga can. Ta taɓa ganin amaryar da aka kai ɗaki da ƙurji a kafaɗa saboda haka. Na yarda da maganarta a ranar, har yau kuma ban canza ba.

Da na dawo Sabon Birni na buɗe shago a ɗakin da ke jikin zaurenmu, na rubuta dokokin da Hausa a kwali na kafa a bango. Na ƙara wani abu nawa. Kowace safiya ma'aikata sukan jera, kowace ta ɗora hannuwanta a kan farantin silba, in bi in duba. Ina son a gan ni ina yin haka, shi ya sa nakan jira sai masu neman gyara sun fara zuwa. Labari ya bazu cewa shagon Hajiya ba a wasa da tsafta, aka riƙa kawo mini amare daga Tsamaye da Gangara, har daga Isa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne idona ya fara rauni. An yanka mini tabarau a Sakkwato, na jefa shi cikin akwati, domin ba na son a ce mai gyaran amare ta tsufa. Saboda haka dubawar da nake yi rabinta kwaikwayo ne, in na ga farce gajere sai in wuce.

Kulu ta zo ta hannun Hajo, maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa, ɗiyar gwaggonta ce. Daga Turba take, a ƙasar Isa, mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya guda da ta bari wurin uwarta. Za ta kai shekara talatin da biyar a lokacin, doguwa, ba ta da yawan magana. Kullum yatsunta cikin lalle suke, ja mai duhu har kan farata, faratan kuma gajeru ne, a goge sumul. Cikin sati biyu ta kama aikin. Ban taɓa ganin hannu mai laushin tausa irin nata ba, tsofaffi masu ciwon baya sukan zo su ce in ba Kulu ba za su jira. Abu ɗaya ne yake haɗa ni da ita, daɗewa wurin salla. In ta ɗauki buta ta zagaya bayan shago, sai sauran sun idar sun dawo ita ba ta fito ba. Na yi mata faɗa ba sau ɗaya ba, na ce mu ma Allahn nan muke bauta wa. Sai ta ce in yi haƙuri, gobe ta sake daɗewa. Wata bakwai muka yi haka. A cikinsu ne wani tela a bakin kasuwa, wanda matarsa ta rasu, ya fara aiko mata da gaisuwa, har manya suka shiga maganar, aka ce bayan kaka za a ɗaura.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, an gama yankan gero, bukukuwa sun yi yawa. Shagon ya cika, mata tara ne in ban da mu masu aiki. Amaryar da Kulu take murza wa dilka ɗiyar ɗan'uwan Hajiya Tumba ce, ita kuma Hajiya Tumba mace ce da in ta yabi abu a Sabon Birni ya yabu, in ta kushe shi ya mutu. Tana zaune gefen amaryar tana juya kwanon dilka da yatsa don ta ji laushinsa, sai ta tsaya. Ta ciro wani ɗan abu, ta goge a gefen zanenta, ta ɗaga shi sama saitin taga. Farcen roba ne, ɗan gajere, an shafe shi da jan farce kalar lalle. Ta dubi kwalin da ke bango, ta dube ni.

"Hajiya, ashe dokar taki a bango kaɗai take?"

Wata daga cikin matan ta ce ai mai manna wannan ko alwalarta ba ta yi, balle salla. Ban yi tunanin amarya ba, ban duba ko an yage ta ba, ba a kuma yage ta ɗin ba. Sunana kawai nake ji yana zubewa a gaban matar da ta fi kowa baki a garin. Kulu ta riga ta dunƙule hannun damanta ta sa cikin cinya. Na sa aka kawo ruwan ɗumi a roba na dire a gabanta, na ce ta cire sauran yanzu, kowa yana gani. Ta ɗago ta dube ni, ta yi magana a hankali yadda kusan ni kaɗai na ji.

"Hajiya, don Allah mu shiga ciki. Ina da magana."

"A nan kika sa su, a nan za ki cire su."

Ba ta sake roƙona ba. Ta tsoma hannun a ruwa, ta riƙa ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ba su ma yi gardama ba. Huɗu ne duka har da wanda ya faɗi, a hannun dama kawai, na hagu da babban yatsa nata ne na gaske. Ta jera su a bakin robar, ta buɗe hannun ta ɗora a gwiwa. Yatsun nan huɗu ba su da farce. Kansu ya motse, fatar ta yi sheƙi ta tattare, ɗaya ya ɗan gajarce. Amarya ta ja zane ta rufe kafaɗunta ta matsa jikin bango. Sai na ji wata daga baya ta ce, ba da ƙarfi ba, wannan ai irin ciwon nan ne mai cin yatsu. Hajiya Tumba ta kira sunansa ƙarara, ta ce kuturta, ta ce a kawo mata ruwa da sabulu.

A nan ne babban laifina yake, ku karanta da kyau. Ni na san ƙuna. Innata, kakarku, man gyaɗa mai tafasa ya taɓa zube mata a hannu tun ina ƙarama, na girma ina kallon fatar nan mai sheƙi, ina shafa mata man shanu. Ko da idona mai rauni, kallo ɗaya na yi wa yatsun Kulu na gane wuta ce. Kalma biyu ta isa, in ce ƙuna ce. Matan nan da sun yarda, domin a wurin nan maganata ake ji. Amma na lissafa a raina cewa in na kare ta za a ce da sanina take aiki, in kuwa na yi shiru za a ce ni ma yaudarata aka yi. Kulu tana kallona, na kau da kai. Na ce wa Hajiya Tumba wallahi ban san da wannan ba, na ce wa Kulu ta ɗauki mayafinta, aikinta ya ƙare. Ta tattara faratan nan huɗu ta ƙulle a bakin zane, ta yi mana sallama, ta fita. Ni da kaina na zubar da dilkar, na wanke amaryar da ruwan zafi, ina ba su haƙuri.

Da la'asar babanku ya dawo daga kasuwa, labari ya riga shi zuwa gida. Na ba shi nawa, na ƙawata. Ya saurara har na gama, ya tambaye ni ko na ji maganar da ta ce tana da ita. Na ce doka ba ta buƙatar magana. Ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari da hantsi Hajo ta shigo, ba ta zauna ba ko da na miƙa mata tabarma. Ita ta ba ni labarin. Mijin Kulu fetur yake kaiwa ƙetare a jarkoki, yana ajiye su a ɗakin da ke jikin nasu. Wata rana da rana tsaka wuta ta kama, yana ciki yana ɗura, ɗiyarsu Nana tana barci a ɗayan ɗakin, shekararta uku. Ƙofar kwano ce, ta yi ja, Kulu ta kama ta da hannun dama ta fizge, ta fito da yarinyar. Mijin bai fito ba. Da hannun ya warke ta nemi aikin kitso da lalle a Isa da yatsunta a buɗe, mata suka ƙi yarda ta taɓa su. Shi ya sa da za ta zo wurina ta sayi farcen roba ta yanke shi gajere. Hajo ta ce akwai gam mai ƙarfi wanda yake wata guda bai saki ba, Kulu ta ƙi shi, ta zaɓi mai rauni don ta iya cirewa duk lokacin alwala ta mayar. Wannan ne daɗewar da nake yi mata faɗa a kai, wannan ne kuma ya sa farcen ya faɗi cikin kwano.

"Ni in na faɗa cewa za a yi 'yar'uwata nake karewa," in ji Hajo. "Ke in kin faɗa za a ji. Ki fito ki ce ƙuna ce."

Na ce mata za ni duba. Ban duba ba. A satin nan shagon ya ƙara cika, ana yabona cewa ban ɗaga wa kowa ƙafa, na ji daɗin yabon, na bar shi ya rufe mini baki. Kafin wata ya ƙare matan unguwa sun daina shan ruwa a kofin gidan Hajo, cinikin daddawarta ya ja baya. In Kulu ta je suna sai a janye tabarma. Uwar telan ta aiko a mayar musu da kayan gaisuwarsu. Kulu ta hau mota ta koma Turba, Hajo kuma daga ranar sallama kawai take haɗa mu.

Akwai abin da na daɗe ban yarda na yi tunaninsa ba. Dokar nan an kafa ta ne don kada farce ya yagi fata ko ya ɓoye datti. Yatsun Kulu, yadda wuta ta bar su, ba abin da za su yaga, ba inda datti zai ɓuya. Da na shiga ciki na saurare ta, da na ce ta cire roban ta yi aiki da hannunta haka nan, in tsaya a bayanta in gaya wa mata dalili. Da dokar ta tsaya, da ita ma ta tsaya.

Shekara biyu ina ɗauke da wannan. Wata rana wata baƙuwa daga Gangara tana zaune ana yi mata lalle, ta fara ba sauran labarin kuturwar da aka taɓa kamawa a shagon nan, har ta ƙara da cewa yatsa guda ne ya guntule ya faɗa cikin kwano. Ta juyo ta ce ko ba haka aka yi ba, Hajiya? Na ji bakina ya ce Allah dai ya kyauta. Da na shiga gida na kasa cin abinci. Na gaya wa babanku za ni Turba. Hanyar ba ta da daɗi a lokacin, mutane ba su bin ta sai dole, amma bai hana ni ba, ya nemo direban da ya yarda da shi ya kai ni Isa, daga can na hau mashin.

Na same ta a tsakar gidan uwarta tana surfen gero na mutane, yatsun a buɗe, ba lalle. Ta rame. Ta gane ni tun daga bakin ƙofa, ta ajiye taɓarya, ta shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta kawo ruwa. Na ga ta ɗan tsaya kafin ta miƙo kofin, tana jiran ta ga ko za ni karɓa daga wannan hannun. Na karɓa na shanye. Muka gaisa, ta tambayi Alhaji da yara da shago. Sannan na fara maganar da na shirya a mota, ta watse mini, na dai ce na zo neman gafara. Ta dube ni ta ce:

"Dokarki gaskiya ce, Hajiya, ni na karya ta. Da a ɗaki kika kore ni, ko sau ɗaya ba ni ganin laifinki. Abu guda nike so in sani. Ranar nan, kin gane ƙuna ce?"

"Na gane."

"Na sani. Na gani ga idonki."

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Na ce ta dawo aiki, za ni karɓe ta a gaban kowa. Ta ce garin da aka janye mata tabarma ba ta komawa. Ta ce abin da ke tsakanina da ita ta yafe, amma maganar da na bari ta yaɗu ba tata ba ce ita kaɗai, tana da ɗiya. In ina son gyara, in koma in gaya wa matan da suka ji. Na yi mata alkawari.

Mata tara ne, na gaya wa biyar, ɗaya bayan ɗaya, a ɗakunansu, murya ƙasa-ƙasa, kuma ko su ban ce musu tun ranar na sani ba, cewa na yi daga baya na gano. Biyu sun bar gari. Amaryar kunyarta na ji. Hajiya Tumba kuwa sau uku ina zuwa gidanta, mu yi hirar tsadar atamfa da ciwon gwiwa in taso. Ana haka ta rasu. Na gaya wa kaina na yi iyakar ƙoƙarina, na ci gaba da ba ku labarin yadda kuka san shi.

Watan da ya wuce Hajo ta shigo ɗakina, karo na farko cikin shekaru masu yawa. Ta ce Nana ta girma, wani yaro ɗan nan Sabon Birni mai gyaran waya yana nemanta, danginsa sun fara binciken asali kamar yadda ake yi. Wata tsohuwa ta gaya musu uwar yarinyar tana da kuturta, a shagon Hajiya aka gani, kuma abin yana bin jini. Sun dakatar da magana. Na ce ta gaya musu su zo wurina, ba a ɗaki ba, a shago, ranar Alhamis da hantsi lokacin da ya fi cika.

Gwaggonnin yaron biyu suka zo. Ƙafata ba ta kai ni, sai da aka riƙe ni aka zaunar da ni a kujera. Rabi, kina tsaye da kwanon halawa a hannu, ke ma ranar kika fara ji. Na ce musu Kulu ba ta taɓa yin kuturta ba, ƙuna ce, ta same ta wajen ciro yarinyar nan da suke nema daga cikin wuta. Na ce na san haka tun sa'ad da ta buɗe hannunta a ɗakin nan, na yi shiru. Babbar cikinsu ta dube ni sosai, ta tambayi abin da ya hana ni faɗa tun lokacin. Na ce sunan shagona nake tsoro. Ta gyara mayafinta ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, suka tashi.

An sa rana, bayan kaka. Ba a gayyace ni ba, ban kuma ga dalilin da za a gayyace ni ba. Ke Rabi kin aika ta bakin Hajo cewa a kawo amarya shago, za a yi mata gyaran sati biyu kyauta, dilka da halawa da turare da lalle. Jiya amsa ta dawo daga Turba. Kulu ta ce a yi mana godiya ƙwarai, amma ɗiyarta ita za ta gyara ta da hannunta.